Dariyar Da Aka Sace Wa Saude

Duk wanda ya ce mini Saude ta yafe, sai in tambaye shi ko da kunnensa ya ji daga bakinta. Sai ya ce ai a talabijin ya gani. To a nan hirarmu take ƙarewa, don ni ba na ɓata yawuna a kan wanda ya fi yarda da akwati a kan mutum.

Sunana Ummulkhairi, tela ce ni a Tudun Wada ta Gusau, kuma a bakin shagona Saude take ajiye tirenta na hoce da ƙuli-ƙuli. Tun ranar da ta zo neman inuwa muka saba, ko da yake sabon namu na zama ne kawai: ni ina taka keke, ita tana kore ƙuda, sai mu wuni ba ta ce uffan ba in ba ciniki ba. 'Yar wani ƙauye ce da ke bayan Rawayya, a ƙasar Bungudu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba don ina ganin girmansu ba, sai don har gobe akwai yara masu kwana a cikinsa.

Matan garinsu da suka yi gudun hijira tare da ita su ne suka ba ni labarin yadda take a da, kuma da farko na ɗauka ƙarin gishiri ne. Wai wannan matar mai fuska kamar an aiko mata da saƙon mutuwa ita ce sarauniyar dariya ta garinsu. In ta ƙyalƙyale a bakin rijiya, har masu sussuka a bayan gari sai sun ɗaga kai. Tana da wushirya, ba ta kuma ɓoye ta. Uwar mijinta ta yi faɗa har ta gaji, wai mace mai kamun kai ba ta wage baki haka. Mijin kuwa, Mahadi, manomin gero da dawa, shi ne mai zuga ta. Allah bai ba su haihuwa ba, dangi sun yi ta surutu, shi ko ya ce gidan da ake dariya irin wannan ba a ce da shi kango.

Da kaka aka kashe shi, da hantsi, a gona, tana tsaye da ƙwaryar furar da ta kawo masa. Mutane ne a kan babura, fuskokinsu a naɗe. Ɗaya daga cikinsu ya sauka ya nuna Mahadi da yatsa. Saude ta gane shi ta tafiyarsa, don yana ɗan ɗingishi tun wata faɗuwa da ya yi daga bishiyar kanya. Lawali ne, ɗan maƙwabtansu, wanda ya girma da tuwon hannunta. Laifin Mahadi shi ne ya gaya wa mai gari cewa Lawali ne ke kai wa mutanen daji labarin gari.

Da ta fita takaba, sai ta yi abin da ba wanda ya taɓa yi a garin. Ta je kasuwar Bungudu ranar da take ci, ta tsaya a inda mutanen ƙauyensu ke sauke kaya, ta kira sunan Lawali da na ubansa, ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, ba ta yafe ba har gaban Allah. Daga nan ta hau mota ta taho Gusau. Ba da jimawa ba rabin garin ya biyo ta, don gonakin sun gagari kowa.

A haka Faruk ya same ta. Faruk yaro ne mai kyamara da saurin baki, shugaban wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo. Ba mugu ba ne, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi, don mugu ka san ta inda za ka kauce masa. Ya zo shagona ne in ɗinka masa kayan wani shiri da za a riƙa nunawa a talabijin mako-mako, mai suna Ƙarfen Murna. Wata ƙungiya mai wa'azin zaman lafiya ce ta ɗauki nauyi.

Labarin shirin, wai can gaba ne, bayan mu da jikokinmu duk mun shuɗe. Wasu baƙi suka sauko daga wata tauraruwa suka kafa dogon ƙarfe a kan dutse, irin na kamfanin waya. Ƙarfen yana wani gunji a hankali, duk wanda ya ji shi sai zuciyarsa ta haɗe da ta sauran jama'a. Abin da ɗaya ya sani kowa ya sani. Ba sata, ba gaba, ba kuka. Manomi da makiyayi suna cin tuwo a akushi ɗaya, ba mai cewa nawa, sai namu. Illa dai duk wanda ya shiga, yakan manta da abin da aka yi masa da wanda ya rasa. Mace ɗaya ce, Inna Kulu, ta toshe kunnuwanta da auduga ta ƙi ji, don kada ta manta mamacinta. Mutanen garin ba sa dukanta, ba sa zaginta. Kullum sai su zo da fara'a, su share mata tsakar gida, su kawo abinci, su roƙe ta ta cire audugar, don wai sai ta shigo murnarsu za ta cika.

Yana cikin ba ni wannan labarin ina gwada masa ƙyalle, sai idonsa ya faɗa kan Saude. Ya bar ni da ƙyallen a hannu. Ya fita ya durƙusa gabanta ya gaishe ta, ya ce fuskar da yake nema ke nan.

Na ɗauka za ta kore shi da muciya. Amma ashe tana jin labarin tun daga farko. Ta ce, “Wagga mata da kake hwaɗi, daga baya tana hidda audugar?”

Ya ce, “Ba ta hiddawa, Inna. Haka za ta tsaya har ƙarshe.”

Ta ce, “In ko haka ne, ni ce ita.”

A duwatsun Tsafe aka riƙa ɗaukar shirin. Mukan fita da safe mu dawo tun rana na sama, don hanyar ba ta wasa ba ce. Ina bin su da allura da zare saboda kayan baƙin nan na sama. Na gaya wa Faruk tun farko cewa ƙyallen da ya sayo, mai ƙyalli irin na naɗe kyautar amarya, ba ya riƙe ɗinki, ya ce a kyamara zai yi kyau. Hulunansu kuwa kwanukan silba ne aka huda. A can kuma na ga yadda suke aiki: ba a ɗaukar murya a wurin, saboda iska da kukan awaki da ƙarar janareto. Hoto kawai ake ɗauka. Sai an dawo Gusau kowa ya shiga wani ɗan ɗaki da aka manna wa katifa a bango, ya kalli bakinsa a allo ya sake faɗin maganarsa, a ɗora. Saude ta koyi wannan da wuri, ita take ɗora muryarta da kanta.

Wata rana ana ɗaukar inda shugaban baƙin zai sauko daga dutse ya yi wa Inna Kulu nasiha. Wani ƙaton ɗan kabu-kabu mai suna Bashar ne shugaban. Ya taho yana taku ɗai-ɗai cikin ƙasaita, hannu a sama, kwano a ka. Yana ɗaga ƙafa zai tsallake wani rami, sai wandon ya ce ɓarrr, daga gaba har baya. Kwanon ya faɗi ya gangara yana ƙara, mutumin tauraruwa ya dafe bayansa da hannu biyu yana salati yana kiran sunana.

Sai na ji wata dariya da ban taɓa ji ba. Na waiga, Saude ce. Ta jefa kai baya, wushiryar nan a fili, hawaye na zuba, tana dukan cinya. Wallahi matan garinsu ba su yi ƙari ba, sun ma rage. Dariyar ta cika tsakanin duwatsun nan har kowa ya bar kallon Bashar ya koma kallonta. Ba ta daɗe ba sai ta tsaya kamar an ɗauke wuta, ta ja mayafi ta koma gindin wata tsamiya ta yi kuka mai isarta. Ba wanda ya lura cewa kyamarar tana kunne, kuma a kanta take.

Shirin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Masu tura finafinai a waya suka yi ta ciniki, ya shiga ƙauyukan da ko wuta babu. A majalisu aka rabu biyu: masu cewa Inna Kulu taurin kai ne da ita, mutum ɗaya ba ya hana gari jin daɗi, da masu cewa murnar da sai ka manta uwarka za ka same ta ba murna ba ce. Ni dai nawa ra'ayin, fara'ar mutanen garin nan ta cikin shirin ita ta fi ba ni tsoro. Mai zaginka kana iya rama masa, amma mai share maka tsakar gida kullum yana murmushi yana jiran ka sallama, da me za ka kore shi?

Ana haka sai Idris, ƙanin marigayi Mahadi, ya zo shagona. Ya rame, wuyansa kamar na zakaran da ya sha jinya. Ya tsuguna gaban tiren Saude ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Garin na son yin sulhu da mutanen daji don a koma gona. Damina ɗaya ta wuce ba shuka, ga wata na tafe. Wanda zai shiga tsakani kuwa ba kowa ba ne sai Lawali, wai ya tuba, kuma shi kaɗai suke saurara. Duk gidan da aka yi wa rashi sun ce sun yafe a gaban liman, har shi Idris. Amma Lawali ya ce ba zai taka ko'ina ba sai matar nan ta janye Allah ya isan da ta yi masa a kasuwa, don tun ranar ba ya samun barci.

Idris ya ce, “Yaya, ki dubi Allah. Ɗiyanmu na kwana da yunwa. Kalma guda ce. Ko cikin wasan ga da muke kallo ke ce ke hana gari sakewa, yanzu ga shi a hili ma ke ce.”

Ta daɗe tana gyara jerin hoce a tire. Sannan ta ce, “Sun amshe shi, sun amshe gona, sun amshe gida. Ba ni da ɗa, ba ni da jika. Abin da ya rage min duk duniya wanga Allah ya isa ne. Shi ma in miƙa, don Lawali shi yi barci?”

“To mu hwa, Yaya?”

“Ku yi sulhunku, ban hana ku ba. Amma ba da bakina ba.”

Ba zan ce Idris ba shi da gaskiya ba. Na ga 'ya'yansa, na san yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda gari guda ya rasa wanda zai matsa wa sai gwauruwar da ba ta da kowa. Ba wanda ya ce wa Lawali ya je ya tsaya a kasuwar nan ya faɗi abin da ya yi. Shi ana lallashinsa, ita ana ce mata ta dubi Allah.

Ranar ɗaukar kashi na ƙarshe, muna isa Tsafe Faruk ya ja ta gefe yana sosa ƙeya. Masu ɗaukar nauyi sun ce ba za su yarda shirin zaman lafiya ya ƙare da mace tana riƙe da gaba ba. Dole Inna Kulu ta cire audugar, ta yi murmushi, ta ce ta yafe wa kowa.

Saude ta ce, “Ba haka munka yi da kai ba.”

Ya ce, “Inna, wasa ne hwa. Ba ke ce ba, Kulu ce.”

Ta kwance zanen wasan ta ninke ta ajiye a kan dutse, ta ɗaura nata, ta koma cikin mota ta zauna. Ni ma na tattara zarena na bi ta. Na yi murna a raina, na ce yau kam yaro ya gamu da wadda ta fi shi. Ashe wauta ce tawa.

A shagona muka kalli kashin ƙarshen, bayan la'asar, maƙwabta cike da ƙofa. Muna jiran mu ga yadda zai ƙare ba tare da ita ba. Sai aka nuno kunne dab da kyamara, wani hannu yana zare auduga. Sai ga fuskar Saude ta cika allo, kai a baya, wushirya a fili, hawaye na zuba, dariyar nan ta ranar wandon Bashar. Sai aka nuno bayan wata mata sanye da zanen da Saude ta bari a kan dutse, tana tafiya wurin jama'a hannu a buɗe, wata murya na cewa, “Na yahe. Na yahe ma kowa, duniya da lahira.” Muryar wata yarinya ce a ƙungiyar, Safiya. Kamar hakan bai isa ba, da aka gama sai mai gabatarwa ya fito ya ce wannan baiwar Allah da kuka gani, da gaske aka kashe mata miji a ƙasar Bungudu, ga shi ta zama abin koyi.

Mutane suka yi ta tafi a ƙofar shagona, wata har da guɗa. Na dubi Saude. Tana zaune hannunta a kan bakinta, kamar mai tare abin da ya riga ya fita.

Washegari muka je wurin Faruk. Ni na yi masa tatas, ban rage masa komai ba. Ya ce shi bai yi don cuta ba, haka ake aikin, ko'ina ana ɗora murya, kuma in Allah ya sa shirin ya kawo zaman lafiya ai ita ma tana da lada. Saude ta ce masa, “Dariyata ka ɗauka. Ni ban ba ka ba.” Ya ce ta yi haƙuri. Haƙuri dai, abin da kowa ke da shi a aljihu don ya ba wani.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa an yi sulhu. Idris ya kai wa Lawali waya ya nuna masa kashin ƙarshen nan, Lawali ya ce ya gamsu. Saude ta ce sai ta je ta faɗa musu da bakinta cewa ba ita ba ce. Na rufe shago na raka ta. Muka hau mota zuwa Bungudu, daga nan babur, muka wuce Rawayya. Ruwa ya sauka, gero ya fito kore shar hagu da dama, mata na bin kunya suna cire ciyawa. Na ga tana kallon gonakin, ban san abin da take ji ba.

Muna shiga gari aka ɗauki guɗa. Mata suka kewaye ta, wannan ta karɓi jaka, wannan ta kawo ruwa, ana ta sa mata albarka. An share mata ɗakinta, an yi sabon daɓe. Fara'a ko'ina, irin wadda na gani a talabijin. A ƙofar masallaci dattawa na zaune. Wani mutum ya taso yana ɗingishi, ya zube gabanta ya ce, “Inna, na gode. Allah shi saka da alheri.” Lawali ne, ya yi ƙiba.

Ba ta dube shi ba. Ta wuce shi ta tsaya gaban liman, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ta ce, “Malam, waccan murya ba tawa ba ce. Dariyar ma ba ta yahiya ba ce, wando ne ya yage. Ban yahe ba. Ban janye komi ba.”

Na ce to, yanzu za a yi ta. Ina jiran wani ya yi mamaki, ko ya yi salati, ko ya ce an yaudare su. Ba wanda ya motsa. Liman ya dubi ƙasa yana jan carbi, can ya ce, “Saude, an riga an shafa fatiha. An yi shuka.”

Ta juya ga Idris. Ta ce, “Kai ka kai mai waya. Ba ka ji muryar ba?”

Idris bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Yaya, wa bai san muryarki ba garin ga? Duk mun sani.”

Wata tsohuwa ta dafa kafaɗarta tana murmushi, ta ce ta zo ta ci abinci, tuwo na hucewa. Sauran ma suka saki fuska, aka koma hira. Lawali ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Ba wanda ya yi mata musu, ba wanda ya ji haushinta. Maganar tata ta faɗi ƙasa kamar ba a yi ta ba.

Ba ta ci tuwon ba. Ta je ta tsaya a kan kabarin Mahadi, muka juyo tun kafin la'asar.

Har yau tana nan bakin shagona da tirenta. An girbe geron, an ce ya yi kyau, Idris ya aiko mata da dami, ta ba maƙwabta. Sulhun yana nan yana ɗingishi kamar mai shi, Allah kaɗai ya san ranar da zai faɗi. Faruk ya samu wani sabon aikin a Kaduna. Masu wucewa kuwa sukan tsaya su ce, “Inna Kulu, a yi muna dariyar nan mana,” wasu har da ɗaga waya. Shi ya sa yanzu take jan mayafi ta rufe bakinta ko ciniki take.

Kwanan baya Bashar ya biyo ta gaban shagon a kan babur, ya ɗauko wata mata da ƙaton buhu, yana hawa kwalbati wandonsa ya sake yin halinsa. Na fashe da dariya na taɓo Saude. Na ga kafaɗarta ta motsa, na ga idonta ya kawo ruwa, dariyar ta taso mata har wuya. Sai ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ga wani saurayi a tsallaken titi riƙe da waya. Ta danne mayafin a bakinta da hannu biyu, ta haɗiye.